Tamanin da Biyar na Inna Kulu

Cikin duk ranakun da na yi a aikin kotu, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata da na tsaya gaban alƙali riƙe da takarda ina jiran yabo. Da yawa cikinku kun sha tambayata dalilin da ya sa nake rubuta 20,160 a cikin bangon kowace sabuwar rajista da aka ba ni. Wani ya ɗauka lambar fayil ɗina ce, wata kuma ta ce ko laƙani ne na tsarin aiki. Ba ko ɗaya. Tunda saura mini 'yan watanni in ajiye aiki, gara in ba ku labarin da bakina kafin wani ya ƙara masa gishiri.

Abin ya faru ne a shekara ta biyu da ƙirƙiro jihar Kebbi. Lokacin ina ƙaramin akawu a wata kotun yanki a ƙasar Yauri. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, alƙali ne a sama, sai magatakarda mai riƙe da rajista da fayil-fayil, sai akawu mai rubutu, sai masinja mai kai sammaci. Da aka raba jiha, an ɗauke magatakardanmu zuwa Birnin Kebbi, ba a kuma turo wani ba. Sai aka ce in riƙe kujerarsa kafin a ga abin da hali zai yi. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, na ci lissafi da kyau a sakandare, ga shi kuma yayana ya kawo mini kalkuleta mai aiki da hasken rana daga Kaduna. A aljihun gaba nake sa ta, yadda kanta zai leƙo kowa ya gani. In gaya muku gaskiya, a lokacin ji nake babu wanda ya kai ni kai a duk Yelwa.

Shari'ar gado tana da matakai. Ana fara tabbatar da mutuwa da jerin magada ta bakin shaidu. Sai a tantance abin da aka bari. Sai a fitar da kason kowa a takarda, alƙali ya duba ya sa hannu. Daga nan a aika wa kowane magaji sammaci, a sa ranar rabo. Fitar da kason aikin alƙali ne, amma bisa al'ada magatakarda kan yi sharar fage ya kawo a duba.

Ƙarar da ta zo mana ta wata gonar fadama ce a bakin kogi ta wajen Shanga, inda ake shinkafa da damina, albasa da rani. Mai gonar, Malam Garba, ya rasu shekaru goma sha biyu kafin nan. Ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya. Ba a raba ba, aka ci gaba da noma ta a gandu kamar yadda aka saba. Matsalar barin gado ba a raba ba ita ce mutuwa ba ta jira. Babban ɗansa Umaru ya rasu, ya bar matarsa Hajo da 'yarsu Asabe. Bayan shi mahaifiyar Malam Garba ta bi. A ƙarshe ita ma Hajo ta rasu, ba ta sake aure ba, ta bar Asabe, da yayanta namiji, da mahaifiyarta, wata tsohuwa mai suna Inna Kulu da ke zaune a wata tunga ta wajen Ngaski. Mutuwa huɗu ke nan a kan gona ɗaya, kuma kowane mamaci ya ci gadon na gabansa kafin ya tafi. Wanda ya kawo ƙarar shi ne Bawa, ƙanen Umaru, yana so a fitar wa kowa nasa kafin lokacin dashen albasa.

Mun gama jin shaidu, sai aka kira alƙali taro a Birnin Kebbi na kwana huɗu. Da zai tafi ya ce in yi sharar fage, in kuma shirya sammaci, rabo ranar Alhamis ta sama. Ni kuwa abin nema ya samu. Na san ƙa'idojin, ban yi kuskure a cikinsu ba ko ɗaya. Na ɗauki gonar a matsayin kashi ɗari, na yi ta dannawa, kalkuleta tana zubo mini lambobi masu dogon wutsiya bayan ɗigo. Sai na yi abin da aka koya mana a makaranta: abin da ya kai rabi a cike shi ya zama ɗaya, abin da bai kai ba a yar. Matar Malam Garba ta samu goma sha shida. Bawa ashirin da tara, ƙanensa ashirin da tara, 'yar'uwarsu goma sha huɗu, Asabe goma sha ɗaya, yayan Hajo ɗaya. Na Inna Kulu bai kai rabin ɗaya ba, sai na rubuta sifiri.

Da na haɗa jimla, ta ba ni ɗari cif, babu ragi babu ƙari. Wannan cikar ita ta rufe mini ido. Da ta ba ni casa'in da tara, da na koma na duba. Na ce a raina, me za a wahalar da tsohuwa ta ƙetaro ruwa a kan sifiri? Na rubuta sammaci shida maimakon bakwai, masinja ya kai. Har Bawa ya biyo ta ofis na nuna masa takardar, abin da bai kamata in yi ba, don kawai in ji ya ce aikin 'yan boko daban ne. Ya kuwa faɗa.

Alƙalinmu dattijo ne mai ƙarancin magana. In yana jin daɗina “akawu” yake ce mini, in kuwa na ji “Malam Bello” to na san akwai magana. Ranar Talata da safe na miƙa masa takardar, na ja baya na harɗe hannu. Ya sa tabarau, ya bi sunayen da ɗan yatsa tun daga sama har ƙasa, ya sake komowa sama.

“Malam Bello, ina uwar Hajo? Ko ta rasu ba a gaya man ba?”

Na ce, “Tana nan da ranta, Allah gafarta Malam. Kasonta na bai kai guda ba.”

“Bai kai guda ba cikin mi?”

“Cikin ɗari.”

Ya cire tabarau ya dube ni. “Wa yac ce maka gonag ga ɗari ta?”

Babu wanda ya ce mini. Ni na ɗora wa gonar ɗari, don da ɗari aka koya mini auna komai. Ya ce uwa ana iya rage mata kaso, amma babu magajin da ke fitar da ita gaba ɗaya, kuma in lissafi ya fitar da wanda shari'a ba ta fitar ba, to lissafin za a gyara. Sai ya ce in jawo kujera, in ajiye na'urar nan a aljihu, in kawo farar takarda. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Gani nake tsoho ne kawai ba ya son sabon abu.

Ya zana gidaje a takardar kamar na dara, sunaye a gefe. Kafin ya rubuta komai ya ce in fara sanin cewa duk lambobi biyu da suka haɗu, ɗayan huɗu ne. Malamai suna da sunayensu na Larabci, amma shi da Hausa ya koya mini. Akwai tagwaye, kamar shida da shida. Akwai mai goyo, wato babbar tana ɗauke da ƙaramar daidai, kamar goma sha biyu da huɗu. Akwai dangi, waɗanda babu mai ɗaukar wata amma akwai wata lamba da ta raba su duka, kamar takwas da shida da suka haɗu a biyu. Sai baƙi, waɗanda babu abin da ya haɗa su sai ɗaya, kamar biyar da bakwai. Ya ce duk aikin gado a kan waɗannan huɗun yake tafiya, kuma manufar ita ce a nemo lambar da kowane magaji zai samu nasa cikakke a cikinta, ba gutsure ba.

Muka fara da Malam Garba. Matarsa tana da tumuni, ɗaya cikin takwas. Mahaifiyarsa tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Ƙaramar lambar da ke da tumuni da sudusi duka ita ce ashirin da huɗu. Mata ta ɗauki uku, uwa huɗu, saura goma sha bakwai na 'ya'ya. Namiji kai biyu ne, mace kai ɗaya, don haka maza uku da mace ɗaya kai bakwai ke nan. Ya ce in raba goma sha bakwai gida bakwai. Na ce ba ta rabuwa. Ya ce in gwada ta da biyu, da uku, da huɗu, har sama. Babu wadda ta shige ta. A makaranta mun san irin waɗannan lambobi da ba su rabuwa sai da kansu da ɗaya, shi kuwa “mai taurin kai” yake ce musu. Tunda ita da bakwai baƙi ne, ba a fasa ta, sai dai a faɗaɗa gonar a takarda. Muka ninka ashirin da huɗu sau bakwai, ta zama 168. Kowane ɗa namiji ya samu talatin da huɗu, mace goma sha bakwai.

Sai mutuwar Umaru. Rabon nasa gadon shi ma daga ashirin da huɗu yake tashi, abin da ke hannunsa kuwa talatin da huɗu ne. Waɗannan dangi ne, sun haɗu a biyu, don haka ba sai an ninka da ashirin da huɗu duka ba, rabinta ya isa. Muka ninka 168 sau goma sha biyu, muka samu 2,016. Sai tsohuwar, mahaifiyar Malam Garba: tana da 336, magadanta jikoki ne kai biyar. Baƙi ne, muka ninka da biyar, ta zama 10,080. A ƙarshe Hajo: tana da 255, rabonta daga shida yake tashi, sun haɗu a uku, muka ninka da biyu kawai. A nan lambar ta tsaya: dubu ashirin da ɗari da sittin.

Ya sa na karanta kason kowa da ƙarfi. Matar Malam Garba 3,200. Bawa da ƙanensa kowanne 5,764. 'Yar'uwarsu 2,882. Asabe 2,295. Yayan Hajo 170. Inna Kulu 85. Na haɗa da hannu sau biyu, ta cika daidai. Ya tambaye ni ko za a iya ƙanƙanta lambar, wato a samu wata da za ta raba duk kason nan bakwai. Na duba tamanin da biyar, biyar ce sau goma sha bakwai, ba ta da wasu iyaye. Biyar ba ta shiga kason Bawa, goma sha bakwai ba ta shiga na uwarsa. Ke nan babu ƙaramar lamba da za ta ɗauki mutanen nan bakwai kowa da nasa cikakke. Sai ya ce, “To ka gani. Ba kason tsohuwa na yay yi ƙanƙanta ba. Ma'auninka na yay yi girma.”

A nan fushina ya fara sauka, wani abu kamar kunya ya maye gurbinsa. Amma har da sha'awa. Ya ce tunda na ƙagu, in ciro na'urar in gwada lambar da kowace lamba daga ɗaya zuwa goma. Na gwada, duk suka shige ta babu saura. Goma sha ɗaya ta ƙi, goma sha biyu ta shiga, goma sha uku ta ƙi, goma sha huɗu, sha biyar, sha shida duk suka shiga. Daga baya na zauna da kaina na warware ta: biyu ce sau shida a jere ana ninkawa, da uku sau biyu, da biyar, da bakwai. Lambobi tamanin da huɗu ne ke raba ta daidai, kuma wani malamin lissafi abokina ya tabbatar mini babu lambar da ke ƙasa da ita da ta kai ta yawan masu raba ta. Ɗarin da nake taƙama da ita tara kawai gare ta, ko uku ba ta iya ɗauka.

Na ɗauka an gama, sai ya ce saura sammacin tsohuwa. Na ce bari in kira masinja. Ya ce masinja bai share kowa ba. Wanda ya share ta shi zai kai, ya kuma gaya mata abin da ya yi. Ya ƙara da cewa in ba ta zo ranar Alhamis ba, ba za a yi rabo ba, kuma ni zan yi wa Bawa bayanin dalilin da ya sa albasarsa ta makara.

Ni haifaffen Yelwa ne, amma har yau ban iya iyo ba, abin da abokaina Sarkawa suke yi mini dariya a kai tun muna yara. Laraba da sassafe na shiga jirgin 'yan kasuwa mai inji, na zauna kan buhun gishiri, na riƙe katako da hannu biyu har yatsuna suka yi tsami. Rana ta ɗaga sosai kafin a sauke ni a tungar. Na tarar da Inna Kulu a bayan ɗakinta tana bandar kifi, hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja. 'Yar siririya ce, Hausarta da ɗan nauyin harshen Gungawa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ban san ta inda zan fara ba.

Na ce mata an aiko ni ne daga kotu a kan gadon Hajo. Ta ajiye sandar da take juya kifi. Ta ce ita ba ta san Hajo ta bar komai ba. Ko labarin rasuwar ma sai bayan an binne ya iso ta, saboda ruwa. Da ta je gaisuwa, tabarmar da 'yarta ta kwanta a kai kawai ta gani. Tun daga nan sau biyu ta koma ganin Asabe, kuma babu wanda ya wulaƙanta ta, amma kowane zuwa a zaure ake sauke ta, a kawo mata fura, a tambaye ta yaushe jirgi zai juya. Ta ce mutum in ba shi da abin da ya kai shi gari, kunya ma ta isa ta hana shi zuwa.

Sai na daure na gaya mata. Na ce tana da kaso a gonar, ɗan kaɗan ne, kuma ni na share sunanta don na ga kamar bai kai a yi magana ba. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

“Ruwa ya share gungunmu na tsakiyar kogi da gonakinmu dut, ina da goyon Hajo,” in ji ta. “Bai zo yag gaya man ba. Kai ko ka zo da ƙahwakka. Sha ruwanka, ɗana.”

Na sha. A jirgin yamma muka dawo tare, ita da ɗanta, yayan Hajo. Ita ce ma ta riƙa ce mini in daina kallon ruwa in kalli gaɓa.

Ranar Alhamis a gonar aka yi zaman. Akwai alƙali, da ni, da mai garin, da safiyo mai awon ƙasa da muka aro daga ƙaramar hukuma, da magada bakwai. Gonar shimfiɗaɗɗiya ce, kusurwa huɗu, ƙasarta kusan iri ɗaya, shi ya sa aka amince a raba ta da awo. A nan na ga amfanin lamba mai yawan masu raba ta. Alƙali ya ce 20,160 ita ce 168 sau 120. Safiyo ya auna tsawon gonar ya raba gida 168, ya auna faɗinta ya raba gida 120, muka ƙulla igiya a kan awon. Kowane gida ya kama kamar taku biyu a tsaye, taku biyu a kwance. Lambar da shekaranjiya take a takarda, yau ga ta a ƙasa ana iya taka ta.

Da na karanta kason kowa, Bawa ya ɗaga hannu. Ya ce shi ashirin da tara cikin ɗari aka nuna masa, yanzu kuma ya ji wasu dubbai da bai san kansu ba, kuma an ce nasa ya ɗan ragu. Alƙali ya juyo ya kalle ni. Dole na tashi gaban jama'a na ce takardar farko kuskurena ce, kuma ƙarin da ya gani a ciki haƙƙin wasu ne na ɗora masa. Bawa ba mugun mutum ba ne, manomi ne mai son aikinsa ya tafi daidai. Ya ce to ya ji, amma ɗan guntun da zai faɗo wa tsohuwa ba zai yi mata komai ba sai wahalar jirgi, kuma zai shiga tsakiyar aikin mutane. Ya ce ta bar masa, shi kuma ya ɗauki alkawarin buhu biyu na gero duk kaka har ƙarshen ranta. Ɗanta ma ya ce hakan ya fi. Ni kaina a raina na ce tayin ya fi ƙarfin filin.

Alƙali ya ce sulhu irin wannan ya halatta in mai haƙƙi ta yarda, amma sai ta ga abin da za ta bari tukuna. Ya dubi takarda, ya ce mu lura da wani abu: kason Asabe, da na kakarta, da na kawunta, duk goma sha bakwai tana shiga cikinsu. Mai taurin kan nan da ta ƙi rabuwa tun a gadon Malam Garba, ita ce ta biyo gidan Umaru har ƙasa. Don haka aka ja igiya aka yanki tsiri ɗaya mai faɗin gida goma sha bakwai ta gefen da ruwa ke shigowa. Asabe ta ɗauki tsawon gida 135, sai Inna Kulu biyar, sai ɗanta goma. Aka kafa turaku. Filin tsohuwa ya fito taku goma a taku talatin da huɗu, wurin da zai ɗauki fangalin albasa masu yawa. Wannan shi ne abin da na rubuta wa sifiri.

Ta shiga ciki ta taka shi daga turke zuwa turke, a hankali, ba takalmi. Ta tsaya a iyakar gabas ta tambayi na wane ne nan. Aka ce na Asabe. Yarinyar, 'yar shekara goma sha uku, tana tsaye can bayan kakarta ta wajen uba, ta rufe rabin fuska da gyale. Inna Kulu ta juya wajen alƙali.

“Allah gafarta Malam, in na zo nan, wurin wa niz zo?”

Ya ce, “Wurinki kinka zo.”

“Ba mai tambaya ta yaushe jirgi ka juyawa?”

“Mai gona ba a tambaya tai.”

Sai ta ce wa Bawa ta gode da geronsa, Allah ya ƙara arziki, amma wannan ne kaɗai abin da Hajo ta bar mata, kuma a nan za ta dasa albasa. Bawa ya ce to zai ba ta iri. Aka sa hannu, masu dangwale suka dangwala. Da muka juya za mu tafi, na hango Asabe ta tsallaka igiya ta shiga filin kakarta, suna tsugune su biyu suna cire ciyawa da babu wanda ya sa su.

A hanyar dawowa alƙali bai ƙara tayar da maganar ba, bai kuma rubuta ƙarata zuwa sama ba, ko da yake ya isa. Abin da ya ce kawai shi ne in ci gaba da amfani da na'urata, tana da sauri, amma in sani ita ba ta san sunan kowa ba. Sai da muka iso ofis ya ce, “Akawu, kawo rajista.” Da na ji “akawu” na san an yafe mini.

Bayan kamar shekara shida, an riga an tabbatar da ni magatakarda, alƙalin kuma ya yi ritaya, ina zaune sai masinja ya ce wata tsohuwa tana neman “yaron da yas share ta”. Inna Kulu ce, ta ƙara ranƙwafawa, Asabe tana riƙe da hannunta, da goyo a bayanta. Ta ce duk shekarun nan ba ta fasa rani ko ɗaya ba, a ɗakin Asabe take sauka har a cire albasa. Yanzu ƙafa ta ƙi. An kuma gaya mata cewa in ta mutu ɗanta ne zai gaje ta, 'yar 'yarta ba ta da komai. Don haka ta zo ta ba Asabe filin kyauta tun tana da rai, ɗanta ya sani ya kuma yarda, tana so a rubuta.

Na ɗauko takardar kyauta na fara cikewa. Da na zo wurin girman fili, na miƙe zan je ɗakin ajiya in nemo tsohon fayil. Ta ce in zauna. Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta dube ni ta ce, “Tamanin da biyat cikin dubu ashirin da ɗari da sittin. Ka rubuta shi dut, ɗana, kak ka cike, kak ka rage.”

Na rubuta shi da lamba, na sake rubuta shi da kalmomi.

Abin da nake so ku riƙe, ku da kuke aiki da kwamfuta yanzu, ba wai ku koma zanen gidan dara ba ne. Ku dai sani jimla tana iya cika ɗari cif alhali an bar mutum a waje, kuma wanda ake bari kusan kullum shi ne wanda ba zai zo ya yi ƙara ba. Malaman da suka tsara lissafin gado sun gwammace lamba ta kumbura ta kai dubbai da a ce wa mai ƙaramin kaso ba shi da komai. Tun daga ranar nan, duk takardar rabo da ta zo teburina, ba daga jimla nake fara dubawa ba. Sunaye nake fara ƙirgawa, in gwada su da na bakin shaidu, sannan in nemi mai mafi ƙanƙantar kaso in tambaya ko an kai masa sammaci.